Gudun Baba Shekari zuwa Rido

Nasarawa, Kaduna
Watan Yuni

Zuwa ga yayana Harrison,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu. Ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka duka. Mu nan lafiya ƙalau, ruwa dai ya sauka sosai, har lambatun layinmu ya cika ya kawo baki. Tunda har yanzu babu sabis a ƙauyen da aka kai ku, zan kai wannan takarda bariki in ba matar abokin aikinka Saje Musa. Ta ce motocin da ke kai muku abinci za su tashi ƙarshen wata.

Broda, ka zauna kafin ka karanta sauran. Baba ya fara gudu.

Tun bayan Ista na shiga ƙungiyar masu gudun asuba, wadda Malam George, wani malamin wasanni na sakandare, yake jagoranta. Mun kai mu ashirin. Akwai nas, akwai direban tanka, akwai mata biyu masu sayar da kifi a kasuwar Kakuri. Babu ɗan wasa ko ɗaya a cikinmu, amma mun sa wa ranmu gudun fanfalaki na Legas a watan Fabrairu, kilomita arba'in da biyu.

Ranar Asabar na dawo na cire kambas ɗina a baranda. Baba na zaune a kujerarsa, wadda ka san bai rabu da ita ba tun da hawan jinin ido ya rufe masa gani. Sai ya ce, "Miƙo min takalmin nan." Ya shafa shi, ya lanƙwasa, har ya shinshina. Ya tambaye ni inda muka je, na ce unguwar Television muka kai muka juyo. Ya miƙo min takalmin ya ce, "Ran Litinin ki tashe ni."

Na ɗauka iska yake so ya sha. Muka fito yana riƙe da gwiwar hannuna, silifas ne ma a ƙafarsa. Da muka hau kwalta ya ce, "Akwai rami a gaba?" Na ce babu. "Mota fa?" Na ce babu. Kawai sai na ji ana jan hannuna gaba. Broda, Baba ne ke gudu, ni ce ke binsa! Bai wuce falwaya uku ba ya tsaya yana haki, ya dafa gwiwoyinsa. Na tsorata, na leƙa fuskarsa, ashe dariya yake yi, hawaye na zuba. Ya ce, "Damaris, ashe ƙafafun nan ba su makance ba."

Da Mama ta ji, sai da maƙwabta suka leƙo. Ta ce, "Shekari, saboda motsa jiki za ka mai da ni gwauruwa?" Ta wuni ba ta yi mana magana ba. Da yamma na same ta ta yago ƙyalle daga tsohon zanenta na zumuntar matan coci, ta ɗinke madauki a kowane baki, ɗaya na hannunsa, ɗaya na hannuna. Ta jefa min a cinya ta ce, "In za ku kashe kanku, ku dai riƙe juna da kyau."

Yanzu sau uku muke fita a mako. Na samo masa kambas a gwanjo. Ka gan shi yana cin tuwo kuwa, kamar ba mutumin da muke lallashi ya buɗe baki ba.

Allah ya tsare ku. Mama na gaishe ka.

Ni ce ƙanwarka,
Damaris

*

Borno
Watan Yuli

Damaris,

Na gaishe ku duka. Takardarki ta iso, na karanta ta sau uku, don na farko ban yarda da abin da idona ya gani ba.

Na ji daɗi Baba yana fita, kuma yana cin abinci. Amma ki saurare ni. Mutum mai shekara hamsin da tara, wanda ya shekara uku a kujera, ba a sake shi haka a kwalta. Mu nan da ƙuruciyarmu na ga ƙato ya yanke jiki ya faɗi a fareti. Ki kai shi asibiti a duba zuciyarsa kafin ya ƙara taka ƙafa. Wannan ba shawara ba ce.

Na biyu, ku tsaya cikin unguwa. Na san yadda 'yan keke napep ke tuƙi a Kakuri. Mai ido ma da ƙyar yake tsira.

Na uku, kada a mai da mahaifina abin kallo. Ba na son in fito inda akwai sabis in tarar da shi a wayar mutane ana dariya.

Mu nan muna nan. Sauro ya fi komai damunmu. Ki ce wa Mama yajin da ta aiko ya ƙare, mutanena sun cinye.

Yayanki,
Harrison

*

Nasarawa, Kaduna
Watan Satumba

Broda Harrison,

Gaisuwa da fatan alheri. Ga yaji nan a gwangwani biyu, ɗaya naka, ɗaya na ɓarayin.

Na bi umarninka. Likita ya auna zuciyar Baba, ya sa masa wayoyi a ƙirji, ya duba jininsa. Ya ce zuciyar lafiya take, ya ci gaba amma a hankali, ya riƙa dawowa ana dubawa. Baba ya ce masa, "Likita, kalmar nan a hankali ita ta fi ciwon ido damuna."

Sauran umarninka biyu kam mun karya su. Unguwa ta yi wa Baba kaɗan. Malam George ya karɓe shi cikin ƙungiya, ya kuma sa masa dokar da ya sa wa kowa: abin da ka gudu a makon jiya, ɗan kaɗan za ka ƙara a kai, kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma, kuma bayan mako uku a rage don jiki ya huta. Baba ya riƙe dokar nan kamar aya. Ko jikinsa na so, in ya cika nasa sai ya tsaya. Daga kilomita shida a mako, yau yana yin goma sha biyar. Ina kallonsa kullum amma ban san lokacin da hakan ta faru ba. Tumbin ya tafi. Wuyansa ya miƙe. A coci wata mata ta tambaye ni ko ƙanen Baba ne ya zo daga gida.

Kallo kam ana kallonsa, ba zan ɓoye maka ba. Amma ba dariya ake yi ba. Mai shayin bakin kasuwa yakan miƙe tsaye in mun zo wucewa. 'Yan keken da kake tsoro, su ke rage gudu suna kare mu daga baya har mu wuce kwana.

Ranar Lahadi bayan sujada a coci ya gaya mana zai je Legas tare da ƙungiya. Mama ta ajiye cokali ta shiga ɗaki.

Yanzu ga marar daɗin. Ni ce na karya dokar. Ina yin nawa gudun da ƙungiya, in dawo in yi na Baba, ban haɗa su a kaina ba. Ƙaurina na dama ya fara ciwo, na share, har ranar da na kasa hawa matakalar ajin da nake koyarwa. Hoto ya nuna ƙashin ya ɗan tsage. An hana ni gudu wata uku. Legas ta wuce ni a wannan karon. Na yi kuka, Broda, ba don kaina kawai ba.

Baba ya koma kujera. Ranar Asabar ta biyu sai ga sallama a ƙofa da asuba. Jamilu ne, ɗan ƙungiyarmu, mai walda a Tudun Wada, magidanci mai 'ya'ya huɗu. Ya ce, "Baba, na zo a ara min ƙyallen nan." Yanzu in ya idar da sallar asuba sai ya haye gadar kogin Kaduna a babur ɗinsa, ya jingine shi a barandarmu, su fita. Ranar farko sun yi ta karo da kafaɗa. Yanzu in ka hango su, ƙafafunsu tare suke sauka, sai ka ce mutum ɗaya ne da inuwarsa.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Ƙanwarka,
Damaris

*

Borno
Watan Oktoba

Damaris,

Sannu da ƙafa. Allah ya ƙara sauƙi.

Amma raina ya ɓaci. Ke mai shekara ashirin da tara ƙashinki ya tsage, shi ne kike gaya min tsoho zai je Legas? Kun haukace ne dukanku?

Kuma wane ne Jamilu? Wa ya san gidansu? Ke jaririya ce lokacin rikicin da ya sa muka bar Tudun Wada, ba ki san komai ba. Ni ina da shekara takwas. Na tuna hayaƙi, na tuna Baba ya ɗora ni a wuya muka haye gada babu takalmi, ba mu kuma sake kwana a can ba. Ba na ƙin kowa. Saje Musa da muke ramin tsaro ɗaya musulmi ne, zan mutu a kansa. Amma shi na san shi. Ke kin ɗauki makaho kin ɗaure shi a hannun wanda ban taɓa gani ba, su fita gari bai gama wayewa ba.

Ina nan ina tsaron iyayen wasu, ban iya tsaron nawa. Kin san yadda hakan yake?

A daina. Ya riƙa zagaya layi da ke in kin warke. Ki karanta masa wannan yadda na rubuta, kada ki rage komai.

Harrison

*

Nasarawa, Kaduna
Watan Nuwamba

Zuwa ga ɗana Harrison,

Alheri da salama su kasance tare da kai. Ni ke faɗa, ƙanwarka ke rubutawa, na kuma gaya mata kada ta gyara min magana.

An karanta min takardarka. Ban yi fushi ba. Tsoro ne ya yi maganar, kuma tsoron ɗa a kan ubansa abin godiya ne.

Ka tambayi wane ne Jamilu. Ban san fuskarsa ba, ba kuma zan sani ba. Na san numfashinsa. Na san in rami na zuwa yakan ɗaga ƙyallen sama kaɗan kafin ya yi magana. Wata rana babur ya taho mana a guje, ya tura ni gefe ya tsaya a inda nake, babur ɗin ya goge masa cinya. Bai gaya min ba, sai da Mamanka ta ga jini a wandonsa. Abin da na sani ke nan. Na yi aiki shekara ashirin a masaƙa tare da mutanen da ban sani haka ba.

Ranar da ka tuna, ni ma na tuna ta, ni na ɗauke ka. Makon jiya na ce wa Jamilu ya kai ni gadar. Tun kafin mu hau na ji sanyin kogi a fuskata. Muka haye a guje, muka shiga Tudun Wada, matarsa ta ba ni koko da ƙosai, muka juyo. Ban ce komai ya goge ba. Na dai ce na je da ƙafata na dawo.

Ɗana, ba ka san abin da kujerar nan ta yi min ba. Shekara uku kowa na ce min, Baba a hankali, Baba zauna, Baba bari in kawo maka. Ƙauna ce, amma mutum yakan ruɓe a cikinta. A kan hanya kuwa duniya ta dawo min. Ina jin ƙamshin burodi na san mun iso Kakuri. Ina jin ladan daga can, ƙararrawar coci daga nan, zakaru, matan da ke share ƙofar gida. Akwai wani lokaci, in an yi nisa, da jiki yakan daina gardama, in ji kamar ba ni ke gudu ba, ɗaukata aka yi. A nan nake yi maka addu'a, a nan ta fi fita.

Lokacin da ka ce za ka shiga soja, Mamanka ta roƙe ni in hana ka. Ban hana ka ba. Ni ma kada ka hana ni.

Ubangiji ya kiyaye fitarka da shigarka.

Mahaifinka,
Shekari

*

Nasarawa, Kaduna
Watan Janairu

Broda Harrison,

Barka da sabuwar shekara. Tun takardar Baba ba mu ji daga gare ka ba. Matar Saje Musa ta ce kuna lafiya, hanya ce ba ta biyuwa. Mun ajiye maka kujera ranar Kirsimeti duk da haka.

Dole in ba ka labarin Asabar da ta wuce, ko da kana fushi da mu, don ban taɓa ganin irinsa ba.

Ita ce ranar gudu mafi tsawo kafin Legas, kilomita talatin da biyu, daga nan zuwa Rido a dawo. Malam George ya ce wanda ya gama wannan ya isa tafiya, wanda bai gama ba ya haƙura sai baɗi. Ni na bi su a keke napep da ruwan leda da ayaba. Da zan hau, sai ga Mama ta fito da mayafinta ta ce in matsa. Ba ta taɓa ganin Baba yana gudu ba, kullum takan ce zuciyarta ba za ta ɗauka ba.

Suka bi ta Kakuri, Television, Sabon Tasha, suka miƙi hanyar Kachia. Baba da Jamilu na can baya, ba sa sauri, ba sa ragewa. Rana ta fito daidai lokacin da hasumiyoyin matatar mai suka bayyana, tankoki jere a bakin hanya. Direbobin da ke wanke fuska suka tsaya da butocinsu suna kallo. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Wallahi makaho ne!" Baba ya ɗaga masa hannu ya ce, "Ina kwana!" Sai ga hon daga tanka zuwa tanka, har ƙarshen layi. Mama ta kama hannuna ta matse.

A Rido suka juyo. A hanyar dawowa rana ta yi zafi, samarin da suka fara da wuta suka soma zubewa. Biyu sun hau kekenmu. Baba ya wuce su ɗaya bayan ɗaya bai ma sani ba, sai na gaya masa daga baya.

Saura kamar kilomita huɗu, mun wuce Television, sai Jamilu ya yi ƙara ya durƙushe. Jijiyoyin cinyoyinsa biyu ne suka ɗaure. Ƙyallen ya fizgi Baba ya faɗi a kan gwiwa, fatar ta saluɓe. Mama ta yi tsalle daga keke tun bai tsaya ba. Jamilu na kwance yana cewa, "Baba ka yafe min. Malam George, karɓi ƙyallen ka kai shi, kada ya rasa Legas saboda ni."

Malam George ya miƙa hannu. Baba ya ƙi saki. Ya laluba har ya sami ƙafar Jamilu, ya miƙar da ita, ya yi ta murzawa da hannayen nan nasa. Ya ce a ba shi ruwa da gishiri. Sannan ya ce, "Tashi."

Jamilu ya ce, "Ba zan iya ba, Baba."

Ya ce, "Ai ba gudu na ce ka yi ba. Idonka nake so, ƙafa ina da ita."

Ya sa kafaɗarsa ƙarƙashin hammatar Jamilu ya ɗaga shi. Broda, Jamilu ya fi Baba tsawo da nauyi. Haka suka taho, jini na bin ƙaurin Baba, Jamilu na rataye a jikinsa yana cewa, dama kaɗan, akwai kwalbati, miƙe. Suka yi tafiya, suka koma sassarfa, da ƙafar ta saki kuma suka koma gudu. Waɗanda suka hau keke suka sauko suka bi bayansu. Wajen kasuwar Kakuri mutane suka fara bin su, 'yan dako, mata da goyo, wani mahauci da wuƙarsa a hannu ya manta bai ajiye ba. Babu mai ihu. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ƙarar ƙafafu kawai kake ji.

Mama ba ta koma keke ba. Ta ɗaure mayafi a ƙugu ta bi su a ƙasa da silifas, tana kuka tana waƙar zumunta, har ƙofar gidanmu.

Da suka tsaya, Baba ya tambaya, "Mun kai?" Sai Malam George ya rungume shi. Mama ce ta wanke masa gwiwar. Tana sa magani tana cewa, "Tsohon banza, taurin kai kamar jaki." Da ta gama ta ce in je in tambaya ko akwai sauran kujera a bas ɗin Legas.

An koma asibiti, likita ya ce babu komai sai ƙujewa. Jamilu ma ya warware. Yanzu rage gudu suke yi, jiki na hutawa. Za su tashi mako na biyu na Fabrairu.

Ban san abin da zai faru a Legas ba. Wataƙila ya gama, wataƙila ya tsaya a hanya. Na dai so a ce kana cikin keken nan.

Ka rubuto, ko layi ɗaya ne.

Ƙanwarka,
Damaris

*

Borno
Ƙarshen Janairu

Damaris,

Na gaishe ku. Takardu biyun tare suka iso. Na fara karanta wa Saje Musa taki, na kasa kai ƙarshe, shi ya ƙarasa mana.

An ba ni fas, wato izinin zuwa gida. Zan iso kafin su tashi. Ki gai da Jamilu, ki ce ina so in je gidansa in gai da iyalinsa.

Kada ki gaya wa Baba ranar da zan zo. Ki gaya min hanyar da suke bi da safe, da inda zan tsaya. Ina so in ga ya wuce ni tukuna, kafin in kira shi.

Yayanki,
Harrison